Murhun Dutse da Hayaƙi da Tsohon Fenti Suka Ɓata: Yadda Ake Dawo da Shi

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mun sayi tsohon gida a ƙasar da ake tsananin sanyi, yanzu muna cikin gyara shi. A falo akwai murhun ɗumama ɗaki da aka gina da duwatsu tun daga ƙasa har rufi. Saman bakin murhun ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, gefe ɗaya an taɓa shafa masa farin fenti, sauran kuma akwai wani abu mai ƙyalli da ya koma rawaya. A daɓen gabansa akwai tabon tsatsa da na maiƙo. Mai yi mana aiki ya ce a zuba asid a goge da buroshin ƙarfe, in bai fita ba a sa injin gurza. Maigidana ya amince, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya za mu yi mu dawo da dutsen yadda yake ba tare da mun lalata shi ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba, kuma abu na farko da zan roƙa shi ne a jingine maganar asid da injin gurza tukuna. In na fahimci bayaninki, matsaloli huɗu ne suka taru a kan murhun nan: kunkunniyar hayaƙi, farin fenti, wani tsohon man ƙyalli da aka shafa don kare dutsen ya tsufa ya yi rawaya, sai tabon tsatsa da na maiƙo a daɓe. Kowanne da abin da ke cire shi, kuma babu wanda asid ne maganinsa na farko. Kunkunniya gawayi ce haɗe da maiƙo, asid kuwa ba ya cin gawayi. Fenti ma ba ya jin asid. Abin da asid ke ci shi ne dutsen kansa da kwaɓin da ke riƙe da shi. Shi ya sa wurin ke yin haske bayan an zuba, mutum ya ɗauka ya wanku, alhali fatar dutsen ce ta tafi da dattin. Datti ana iya sake gwada wanke shi gobe ko jibi, amma fuskar dutse in ta zaizaye babu mai mayar da ita.

Fara da sanin dutsen

Wajen wanki, duwatsun gini gida biyu ne. Akwai dangin farar ƙasa, wato dutsen farar ƙasa da mabul da makamantansu. Sinadarin da ke jikinsu, kalsiyam kabonet, yana narkewa a duk wani abu mai tsami, ko da binega ce. Akwai kuma dangin silika, wato giranit da silet (dutsen da ke ɓarewa falle-falle) da yawancin dutsen yashi. Waɗannan sun fi jure tsami, amma ba dukansu ba, domin akwai dutsen yashin da farar ƙasa ce ta haɗe ƙwayoyinsa, in tsami ya cinye ta sai dutsen ya fara marmashewa a hannu.

Gane su ba wuya. Ki nemi wani lungu da ido ba ya kaiwa, can ƙasa kusa da bango, ki kankare da bakin wuƙa har ki kai tsabtataccen dutse. Kankarar kanta amsa ce: wuƙa tana shiga farar ƙasa da mabul cikin sauƙi ta bar farin gari, amma a kan giranit zamewa take yi. Sai ki ɗiga binega ɗigo ɗaya a kan garin, ki haska da tocila ki duƙa ki duba. In dangin farar ƙasa ne za ki ga ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa, in ɗakin shiru ne har ɗan sautinsu za ki ji. Ki ɗauraye wurin nan take. Daga nan ki ɗiga ruwa zalla a wurare daban-daban. Inda ruwan ya shige dutsen ya yi duhu cikin minti ɗaya, dutsen mai sha ne, duk abin da kika zuba masa zai kai ciki. Inda ruwan ya dunƙule ya tsaya, akwai wani shafi a kai da ya toshe kafofin.

Ki kuma tabbatar dutsen na gaske ne. Gidaje da yawa da aka gina daga shekarun 1960 zuwa yau an yi musu ado da dutsen kwaikwayo, siminti ne da aka zuba a mazubi aka rina samansa. Alamarsa ita ce za ki ga siffa ɗaya tana maimaituwa a bango, kuma inda ya ɓantare cikinsa launin siminti ne. Irin wannan launinsa a fata kawai yake, buroshin ƙarfe ko asid suna ɗauke shi gaba ɗaya.

Sai kwaɓin da ke tsakanin duwatsun. Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila a 1824, amma bai mamaye ginin gidaje ba sai farkon ƙarni na 20. In gidanku ya girmi wannan lokaci, akwai yiwuwar kwaɓin farar ƙasa ne. Ki karce shi da ƙusa: in fari ne mai laushi yana zuba, to shi ne. Wannan yana nufin ko da duwatsun giranit ne, asid zai rarake abin da ke tsakaninsu.

Abin da ke gaba da wanki

Kafin ruwa ya taɓa dutsen, a kira mai sharar bututun hayaƙi. In aka wanke fuska sannan aka share bututu, baƙin da zai sauko zai mayar da ku inda kuka fito. Amma babban dalilin ya wuce tsabta. Hayaƙin itace, musamman ɗanye, yana barin wata kwalta a jikin bututu da ake kira kiriyosot. Tana farawa kamar gari, ta koma ɓawo, daga baya ta daskare tana sheƙi. Tana kamawa da wuta, kuma gobarar bututu tana iya wuce digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Masu wannan sana'a suna cewa in kaurinta ya kai milimita 3 lokacin shara ya yi, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce a duba bututu sau ɗaya a shekara. Kunkunniya ba abar wasa da fata ba ce kuma. Tun 1775 wani likitan Landan mai suna Percivall Pott ya danganta ta da wata cutar daji da ke kama masu sharar bututu. Saboda haka safar hannu, tabarau mai rufe gefe da takunkumi mai tace ƙura wajibi ne tun daga ranar farko.

Na biyu, a gwada farin fentin nan ko akwai dalma a ciki. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje a 1978, Birtaniya ta hana sayar da shi ga jama'a a 1992, wasu ƙasashen kuma sun makara fiye da haka. Ana sayar da ƙananan kayan gwaji, amma ɓantarar yanki da ya haɗa dukan shafe-shafen a kai ɗakin gwaji ya fi tabbas, domin sau da yawa mai dalmar yana can ƙasa an rufe shi da sabo. In akwai, ba gurzawa, ba gogewa da sanfefa a bushe, ba ƙonawa, kuma yara da mai juna biyu su nisanci ɗakin har a gama a share. Haka nan in kun ci karo da wani allo mai launin toka a bayan murhu, ko farar igiya da aka cusa a tsagi, kada a karya ko a ja. Zai iya zama asbesto, wani abu mai jure wuta da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda aka daɗe ana sa shi a wuraren zafi, Birtaniya ma sai 1999 ta hana shi kwata-kwata. Wannan aikin masu lasisi ne, ba nawa ba, ba kuma na mai yi muku gyara ba.

Game da jerin aiki kuwa, murhun ya zo bayan an gama rushe-rushe da yanke-yanke masu tayar da ƙura, amma kafin a shimfiɗa sabon daɓe ko a yi fentin bango. Wankin dutse aiki ne mai ƙazanta, baƙin ruwa zai yi ta gangarowa. A shimfiɗa leda mai kauri a manne gefenta da salatef, a jera tsummoki a gindin murhu, a rufe kantar katako in akwai. A kwashe toka a bokitin ƙarfe mai murfi, domin garwashi yana iya kwana da kwanaki a cikinta bai mutu ba.

Kunkunniya: a bushe tukuna

Kuskuren da na fi gani a wurin masu gida shi ne su ɗauko jiƙaƙƙen tsumma su fara gogewa. Kunkunniya gari ce mai laushi ƙwarai, ruwa yana ɗaukarta ya shigar da ita cikin kafofin dutse inda buroshi ba ya kaiwa. Duk abin da zai fita a bushe, a fitar da shi a bushe. A fara da injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wato wadda ke kama ƙura mafi laushi, a riƙe bakinsa kusa da dutsen ana kaɗewa da buroshi mai laushi. Injin da ba shi da irin wannan matata zai busa garin ne ya cika ɗaki. Bayan haka sai soson roba na musamman da ake yi don kunkunniya, wanda ba a jiƙa shi. Ana dannawa a ja gefe ɗaya, in fuskarsa ta yi baƙi a yanke ta da wuƙa a ci gaba da sabuwa. Mutane kan yi mamakin yawan abin da wannan kaɗai ke ɗaukewa.

Sannan a zo ga ruwa, kuma a fara da mafi sauƙi: ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, da buroshin nailan. A fesa wa dutsen ruwa zalla tukuna don ya ƙoshi, ta yadda ruwan dattin ba zai sami wurin shiga ba. A yi wanki daga ƙasa zuwa sama, domin in baƙin ruwa ya gangaro kan busasshen dutse mai datti yana barin layi mai wuyar fita, amma a kan wanda aka riga aka wanke yana jiƙe ɗaurayewa kawai yake. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, ana canza na ɗaurayar da zarar ya yi duhu. A ɗauki ɗan fili kaɗan a gama da shi, a tsane da tsumma, sannan a matsa gaba. Kada a yanke hukunci sai ya bushe, jiƙaƙƙen dutse kullum ya fi duhu.

In sabulu ya gaza a saman bakin murhu, inda maiƙon hayaƙi ya daɗe yana gasuwa, sai a hau mataki na gaba, wato sinadari mai kaifin alkali (kishiyar asid), domin shi ke narkar da maiƙo. Sodar wanki tana yi. Garin wankin da ake kira TSP ya fi ta ƙarfi, ana zuba kamar rabin kofi a lita 4 na ruwan ɗumi, sai dai wasu ƙasashen sun taƙaita sayar da shi saboda fosfet ɗin da ke cikinsa yana gurɓata ruwa. A bar shi minti 5 zuwa 10 ba tare da ya bushe ba, a goge, a ɗauraye sosai fiye da sau ɗaya. Ragowar da aka bari a ciki ita ke fitowa daga baya kamar farin gishiri. A kan mabul mai sheƙi a gwada a lungu tukuna, yana iya dusashe shi. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da amoniya ko da wani abu mai tsami, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

Akwai hanyar da ni na fi so a cikin ɗaki, musamman kan dutse mai gargada. Wani ruwan roba ne mai kauri da ake shafawa da buroshi, a bar shi ya kwana ya bushe, washegari a kama gefe a ɗaye shi. Yana fitowa shimfiɗa guda, bayansa ɗauke da hoton kowane rami na dutsen cikin baƙi, dutsen kuma bai sha ruwa ba. Da irin wannan aka tsabtace cikin babbar majami'ar St Paul's ta Landan a farkon shekarun 2000. Tururi mai zafi marar ƙarfin bugu shi ma yana aiki, yana narkar da maiƙo da ruwa kaɗan.

Fenti da man ƙyalli

Kafin a ɓare fentin, ki tambayi kanki me ya sa aka shafa shi a gefe ɗaya kawai. Wani lokaci sha'awa ce aka fara aka gaji. Wani lokaci kuma ɓoye wani abu aka yi: facin siminti, dutsen da bai dace da sauran ba, ko wurin da damshi ke fitowa. Don haka a buɗe fili kamar tafin hannu biyu a wurare biyu ko uku a ga abin da ke ƙasa, kafin a sayi maganin da zai isa bango guda.

Ki jiƙa auduga da sifirit ki goga a kan fentin. In ya yi laushi ya biyo audugar, fentin ruwa ne. In bai motsa ba, na mai ne. Magungunan cire fenti iri uku za ki tarar. Na farko masu sinadarin metilin kulorayid, suna aiki cikin mintuna, amma tururinsu ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna, kuma jiki yana mayar da shi kabon monoksaid, wata iska mai guba, a cikin jini. Tarayyar Turai ta hana sayar da su ga jama'a tun wajajen 2011, Amurka ta bi a 2019. In mai aikinku ya zo da tsohon gwangwani, ki karanta jikinsa, in shi ne ya mayar.

Na biyu masu kostik soda. Suna cin fentin mai ko da shafi goma ne, amma suna da sharri a kan dutse mai sha. Suna barin gishiri a ciki, suna iya jawo launin ƙasa-ƙasa a dutsen yashi mai ƙarfe a jikinsa, kuma bayan an gama ana buƙatar kashe kaifinsu da wani abu mai tsami, wanda dutsen farar ƙasa ba ya ɗauka. Ɗigo ɗaya a ido kuma yana iya makantarwa. Na uku su ne masu kauri irin na benzil alkohol da danginsa. Suna da jinkirin aiki, amma su nake ba mai gida shawara. Ana shafawa da kauri har ya cika ramuka, a rufe da leda a matse iska, a bar shi awanni ko ya kwana gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. In ya nuna za ki ga fentin ya kumbura ya yamutse a ƙarƙashin ledar. A kwashe da sikirefa ta roba ko ta katako, a bi ramuka da buroshin nailan da tsinke, a wanke. Shafi biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Kuma tun yanzu ki san cewa a dutse mai gargada, ɗigo-ɗigon fari zai rage can cikin ramuka, wannan sai zaman haƙuri da tsinke.

Na'urar hura iska mai zafi ba ta da amfani sosai a nan. Dutse yana shanye zafin kafin fentin ya yi laushi, in an matsa kuma yana iya tsagewa, in akwai dalma ga hayaƙinta.

Abin nan mai rawaya kuwa, sai an gano ko mene ne. Auduga uku: ɗaya da tafentin, ɗaya da sifirit, ɗaya da asiton, kowace a danna a wuri daban na minti ɗaya. In tafentin ya narkar da shi, kakin zuma ne ko makamancinsa, kin huta. In sifirit ne, shelak ne, wani man ƙyalli da ake shafa wa katako. In asiton ya sa shi danƙo, shafin akirilik ne. In duk bai ji ba, mai yiwuwa banish ne mai tauri, sai maganin cire fenti. Mafi wuya shi ne in man linsid aka shafa, wato man da ake matsowa daga irin wani tsiro, wanda a da ake yi wa silet da dutsen daɓe don su yi duhu. Shi ba a sama yake zama ba, shiga yake yi ya daskare a ciki, kuma ba kasafai yake fita duka ba. Dukan waɗannan sinadarai suna kamawa da wuta. A buɗe tagogi, a kashe duk wata wutar gas da ke kusa, tsummokin da aka yi aiki da su a shanya su a waje, kada a dunƙule su a kwandon shara.

Tabon da ya shige ciki

Tsatsa da maiƙon daɓe sun riga sun nutse, guga ba ta kai musu. Ana jawo su ne da kwaɓi. A sami farin gari mai sha, kamar garin alli ko farar lakar kawolin, a kwaɓa da sinadarin da ke narkar da tabon har ya yi kauri ba ya zuba. A ɗan jiƙa wurin, a shafa kaurin milimita 6 zuwa 12, ya zarce gefen tabon kaɗan, a rufe da leda a manne. Bayan awa 24 zuwa 48 a cire ledar a bar kwaɓin ya bushe ƙarau da kansa. Nan ne aikin yake: yayin da yake bushewa yana jan ruwan da ya shiga dutsen ya dawo da tabon tare, kamar yadda lagwani ke jan mai. Wanda ya kankare shi da damshi ya yi aikin banza. In kin ɗaga busasshen za ki ga ƙasansa ya rine da launin tabon. A maimaita har ya daina rinewa.

Na maiƙo ana kwaɓawa da asiton, ko bekin soda da ruwa in tabon bai yi tsanani ba. Na tsatsa sai maganin tsatsa da aka rubuta ƙarara cewa na dutse ne kuma ba asid a ciki. Akwai irin da ke komawa shunayya da zarar ya haɗu da ƙarfe, shi ba a barinsa ya daɗe, mintuna ne a ɗauraye. Bilic ba ya cire tsatsa, ƙara kama ta yake yi. Ki kuma duba daga ina tsatsar ta zo. In daga ƙafar ƙarfen da ake ɗora itace ne, ta sama ce, za ta ragu. In kuwa tana fitowa daga tsakanin duwatsu, akwai ƙarfe a cikin ginin da ke ruɓewa, kuma ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi har ya fasa dutse. Wannan na magini ne, yana kuma nuna ruwa yana shiga ta wani wuri, galibi ta saman bututu.

Amsa ga mai aikinku

Ba na zarginsa da mugun nufi. Asid ɗin da yake nufi, haidurokulorik, masu gini suna wanke ragowar siminti da shi a kan sabon bulo a waje, inda ake da tiyo ana kwarara ruwa. Cikin ɗaki ba haka yake ba. Ba a iya ɗaurayewa yadda ya kamata, tururinsa yana sa duk ƙarfen da ke ɗakin tsatsa, kuma yana narkar da ƙarfen da ke jikin dutsen ya fito da shi sama. An taɓa kirana kan wani murhun dutsen yashi da aka yi wa haka. Ranar da aka wanke, masu gidan sun ce ya yi fes. Da ya bushe sai rawaya da ruwan goro suka fito faci-faci, layukan kwaɓi sun zurma har yatsa na shiga, in ka shafa dutsen yashi na biyo tafin hannu. Mun rage launin, amma fuskar da mai sassaƙa ya bari ta riga ta tafi. Garin neman gira aka rasa ido.

Buroshin ƙarfe yana karce dutse, yana kuma barin ƙananan ɓarɓashin ƙarfe da za su yi tsatsa da zarar sun ji damshi. Injin gurza yana shafe siffar dutse ya bar zagaye-zagayen da haske ke tonawa, sannan ga ƙurar silika. Dutsen yashi yakan ƙunshi fiye da kashi 70 cikin ɗari na silika, kuma shaƙar ƙurarta yana jawo cutar huhun da ba ta warkewa. Feshin yashi da injin ruwa mai ƙarfi duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In an gwada duk na sama abu ya ƙi, akwai ƙwararru masu feshi da gari mai laushi a ƙaramin ƙarfi, amma a nemi wanda aikinsa gyaran tsohon dutse ne, kuma ya nuna gwaji a lungu kafin a ba shi bangon.

Abin da ba zai fita ba, da abin da ke biyo baya

Ban ga murhunku ba, duk abin da na faɗa gwajin lungu ne zai tabbatar da shi ko ya ƙaryata. Akwai kuma abin da ba datti ba ne. Dutsen farar ƙasa ko na yashi mai ƙarfe a jiki yana komawa ja-ja in zafi ya kai wajen digiri 300, kuma wannan canjin na har abada ne. In kin ga haka a gefen bakin murhu, ki bar shi. Cikin ramin wutar kuma sharewa kawai yake so, ba sai an wanke shi fes ba, kuma ba a shafa masa komai.

Bayan wanki a ba dutsen lokaci ya bushe, sati ɗaya zuwa biyu ko fiye in ɗakin da sanyi. In farin gishiri ya fito, a kaɗe shi da busasshen buroshi, ruwa mayar da shi ciki yake yi. Inda kwaɓi ya zube a cike da irin na asali. Siminti mai tauri a tsakanin duwatsu masu laushi yana sa gefen dutsen ya riƙa ɓantarewa. Cikin ramin wuta kuma akwai kwaɓinsa na musamman mai jure zafi. Maganar sake shafa abin kariya, ni a fuskar murhu ba na so, domin shafi mai ƙyalli shi ya kawo ku wannan rawayar. In ana so, a daɓe kawai, kuma irin wanda ke shiga cikin dutse ba tare da ya toshe numfashinsa ba.

Saura tushen baƙin. Murhu mai lafiya ba ya tura hayaƙi ta gaba. Baƙin da ke saman bakinsa shaida ce cewa bututun ba ya ja yadda ya kamata, ko don ya toshe, ko murfin maƙogwaronsa ba ya buɗewa duka, ko bakin murhun ya yi wa bututun girma. Ƙa'idar magina ita ce girman filin bakin, wato tsawo sau faɗi, kada ya wuce kamar ninki 10 na girman filin cikin bututu. Gyaran da kuke yi ma zai iya ƙara matsalar: sabbin tagogi da ƙofofi masu toshe iska, da fankar zuƙe hayaƙi a kicin, suna hana murhu iskar da yake buƙata har su jawo hayaƙi ya dawo ɗaki. Ki sa mai sharar bututu ya yi gwajin hayaƙi bayan an gama sa tagogin, da fankar kicin a kunne. A sa ƙararrawar kabon monoksaid a falon, a riƙa ƙona busasshen itacen da damshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, wutar farko kuma ta zama ƙarama don ragowar damshin da ke cikin dutsen ya fita a hankali.